Wayar da Ba a Gwada Ba

Shekarar farko ban taɓa waya ba.
Igiya na ɗauka, da tsani, da fulas ɗin shayi,
ina bin Torquil a baya kamar jela,
daga Stornoway har ƙarshen tsibirin Lewis,
inda ƙasa ke yin shiru, teku ta karɓi magana.
Na ce masa, yaushe zan hau?
Ya ce, Ishbel, wanda bai iya ƙulla igiya ba
ba shi da ta cewa a gaban wuta.

Wata uku na yi a aji, a hayin ruwa,
ana zana mana layuka a allo,
lissafin da ke sa ƙeya zufa.
Na ci jarrabawa, na dawo ina taƙama.
Ya juya takardar gaba da baya,
ya miƙo min safar hannu ta roba:
Hura mata iska, ki kasa kunne.
In ta yi tsaki ko kaɗan, yar da ita.
Kafar allura ta ishi ajali wucewa.

Akwai tabo a wuyan hannunsa na hagu,
fari, mai sheƙi, kamar ɗigon kyandir.
Bai ba ni labarinsa ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar da na fara hawa falwaya
gwiwoyina suka yi ta gardama da ni.
Ƙarafan ƙafa sun ciji itace, bel ya riƙe ƙugu,
iska tana marina da gishirin teku.
Tumakin da ke ƙasa ko kai ba su ɗaga ba.
Daga can na ga wayar ta miƙe, gida zuwa gida,
siririya, kamar zaren da ya riƙe riga.

Sai Janairu ya zo da fushinsa.
Dare ɗaya, falwaya bakwai suka kwanta a laka,
ƙauyen Tolsta ya koma duhu kamar cikin tulu.
Muka ratsa fadama, ruwa har ƙauri,
tocila a goshi, ƙanƙara na ƙwanƙwasa hular kwano.
Ofis ya kira: an kashe layi, an sa kwaɗo.
Torquil, kwana biyu bai runtsa ba,
ya ce, hau, ta mutu.

Hannuna har ya tafi.
Sai karatun da ya yi ta nanata min
har na gaji da ji
ya kama ni a gwiwar hannu:
wayar da ba a gwada ba, da ranta.
Na zaro sandar gwaji, na ɗora.

Ta ƙwalla ƙara.
Jan haske ya wanke min fuska.

Ashe wani bawan Allah a gonar can
ya tayar da janareta don ɗumama ɗakin tsohuwarsa,
wutar ta biyo waya da baya,
macijin da aka toshe wa rami ya sami wata ƙofa.

Na dubi ƙasa. Torquil na tsaye, bai ce uffan ba,
yatsansa na shafa tabon nan.
Ya juya, ya nufi gonar cikin ruwa,
na ji bugun ƙofa, na ji injin ya mutu.
Na sake gwadawa. Na ƙara. Sannan muka ɗaure ta da ƙasa.

Gab da asuba tagogi suka fara buɗe ido,
ɗaya, biyu, sannan layi guda.
Tsohuwa Peigi ta aiko da burodi mai ɗumi a tsumma,
ba ta san kome ba, ba mu kuwa faɗa mata ba.

A mota ya karɓi littafin koyon aikina,
ya daɗe da biro a hannu.
Layi ɗaya ya rubuta: Yau ba ta yarda da ni ba.
Ya sa hannu, ya miƙo.

Gobe ƙarfe shida, in ji shi.
Kada ki manta igiya.