Littafin Baƙi

Mabuɗin ɗakin nan a wuyana yake kwana,
tsohon ɗakin awon gyaɗa, bayan makarantar Kukar Tambai.
Wata goma sha ɗaya ni da jemagu muke gadinsa,
sai ƙadangare mai jan kai, ya leƙo, ya tafi bai sa hannu ba.

Kashegarin layya, gari duk ƙaurin babbaka,
motocin 'yan birni suka jeru a gindin darbejiya.
Na share, na yayyafa ruwa, na goge gilashi da bakin riga,
na buɗe littafin baƙi, na ɗaure biro da zare,
don na bara ya bi wani Kaduna, har yau bai aiko ba.

Bana mutum ɗari da saba'in da huɗu.
Ban ƙirga akuyar Barau ba,
ko da yake ta fi kowa daɗewa a gaban tsohon taiki.

Yara suka shigo, sababbin takalma suna ƙara.
Wani ya ɗaga wuri, ya ce, "Baba, haƙorin mene ne?"
Na ce, "Kuɗi ne. Da irinsa kakan kakanka ya sayi jaki."
Ya ce, "To ina jakin?"
Wata ta zagaye acibalbal sau biyu
tana neman inda ake latsawa.
A waje Malam Tsalha ya haƙa gurbin dara,
ya cinye injiniya biyu da likita kafin la'asar,
goro bai bar bakinsa ba.
'Yan mata sun zauna koyon kaɗi, ga auduga, ga mazari,
zare yana tsinkewa, su suna ƙyalƙyalawa.

Sai ga Iya Tasalla a bayan jikanta, kan babur,
shekara arba'in rabonta da garin.
Ta wuce kwari da baka, ta wuce sikelin kamfani,
ta tsaya a kan dutsen niƙa.
Ta ce, "Karanta min takardar nan."
Na karanta: Dutsen niƙa. Ba a san mai shi ba.
Ni na rubuta, da hannuna, shekara tara ke nan.

Ta durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya tana jiran ɗaya.
Ta sa yatsa inda gefen ya ɓantare.
"Ni ce nan. Kunama na gani, na saki ɗan dutsen.
Inna ta ce ba komai, amma ranar ba ta ci tuwo ba.
Na Yalwa ne, matar Nomau maƙeri.
A kan jaki aka kawo shi, kwana biyu a hanya."
Yaron nan ya dube ni. Na ce, "Ka ji ko?"

Doka ta ce ba a taɓawa. Ita ma ni na rubuta.
Na aika gida aka kawo gero rabin tiya.

Ta tattare hannun mayafi, ta yi bisimilla, ta tura.
Gurr, gurr.
Dutsen ya yi gyaran murya, ya tuna maganarsa.
Masu ɗaukar hoto suka sauke waya,
Malam Tsalha ya baro dararsa a rana,
likitan ya cire hula yana sosa kai,
ban tambaye shi wa ya tuna ba.
Gari ya taru fari a bakin dutse,
yara suna dangwala, suna lasa, suna yatsina fuska, suna ƙarawa.

Ba ta iya boko ba, ajami kuma ido ya ƙi.
Ta danna babban yatsa a shafi na sha biyu,
da garin gero.

Yau motoci sun tafi, darbejiya ta koma ta awaki.
Na yage takardar, na rubuta sunan Yalwa da manyan baƙi.
Garin da ya maƙale a kwarmin dutse ban share ba.
Tururuwa sun fara ziyara tun asuba, a jere, da ladabi,
kowacce ta ɗauki nata ta fita.
Su ma ban ƙirga ba.