Kafin Ladislao Ya Iso

Tun asuba ake ruwa a Valparaíso.
Jirage sun jeru a bakin teku kamar shanu a mashaya,
ni kuwa ina kan tudu, a teburin cin abinci,
gabana kwamfutar da na shekara tara ina buɗewa
tun kafin in wanke ido.

Ƙarfe huɗu mai saye zai zo.
Ladislao, ɗalibin aikin jinya.
Ya taya, na ce albarka, ya ƙara, na sallama.
Kuɗin na likita ne:
yana ta rufe min idon hagu, ta fara lallaɓa na dama.

Maura, jikar maƙwabcina, ita ce malamata yau.
Ta ce, Don Nibaldo, kwashe naka tukuna,
ba a rushe ɗaki da kaya a ciki.
Muka juye komai a wani ɗan abu
da bai kai ɗan yatsana ba.
Lissafin buhunan da na ƙirga a tashar jiragen ruwa,
hoton Eduvigis tana dariya da haƙorin da ta cire daga baya,
wasiƙar da na rubuta wa ƙanena sau shida
ban aika ba.
Shekara tara, ko nauyin ashana ba su yi ba.

Ta ce fita daga akwatin saƙo.
Na fita.
Fita daga banki.
Na ce wannan ai shi ya riga ni fita.
Ta yi dariya, Eduvigis ma ta yi daga kicin,
inda take soya wainar kabewa kamar kowace ranar ruwa.

Sai muka tarar da jerin da ban san da shi ba:
duk gidan da ta taɓa roƙon intanet, ta riƙe sunansa.
Asibitin da aka yi min aikin gwiwa.
Gidan 'yata a Punta Arenas, wanda ta bari tuni.
Shagon kofin Baldomero, da gobara ta cinye bara waccan.
Ashe tana bina tana ƙulle hanya a bakin zane,
ni da nake zaton ni kaɗai ke tafiya.

Tambaya ta fito a allo, Maura ta karanta min:
A bar fayilolinka, ko a goge duka?
Na ce duka.
Ta sake tambaya, ka tabbata?
Ko limamin da ya ɗaura mana aure sau ɗaya ya tambaya.
Maura ta janye hannunta. Ta ce kai za ka danna.

Ɗaya cikin ɗari.
Bakwai.
Ta tsaya a talatin da takwas har waina ta huce,
na ce ko ta yi nadama ne.
Fankarta na huci kamar tsoho a kan matakalar unguwarmu.
Daga nan ta zura da gudu, ta mutu, ta farfaɗo.

Ta ce, Sannu.
Wace ƙasa kake? Wane harshe kake ji?
Ni take tambaya.
Ni da ta san tarina, ta san ranar haihuwar matata
don ita ce kalmar sirrin.
Na buɗe baki, Maura ta ce a'a,
wannan amsar ta Ladislao ce.

Na rufe murfin. Na goge shi da tsumma.
Harafin A dai ya riga ya suɗe,
akwai ɗan kwarmi a wurin, daidai ƙaramin yatsana,
babu saitin da ya kai can.

Na naɗe caja, na ɗaure da roba.
Ƙarfe huɗu saura kwata.
Eduvigis ta ce in ajiye wa yaron waina biyu,
hawan tudun nan cikin ruwa ba wasa ba ne.