Ƙamus a Mai Wurno

Filashin ya zo a aljihun Muzzammilu,
ɗaure da zare kamar laya.
Ya hau motar Madani, ya hau ta Sinnar,
ya iso Mai Wurno bayan la'asar.

Ya ce, "Ga ƙamus, Hausa da Larabci.
Ba ya jiran sabis, ba ya cin data.
Ka girka shi sau ɗaya ya zauna,
kamar rijiya a tsakar gida."

Kwamfutar Kawu Attayib ce, ta shagon kwafi,
tsohuwa, mai gunaguni in an tashe ta.
Na kori gizo-gizo daga bayanta,
na soka filashin, na buɗe folda,
na danna gaba, na ƙara danna gaba,
na amince da sharuɗɗan da ban karanta ba.

Koren layi ya fara rarrafe.
Kashi goma. Kashi talatin.
Ihlas ta kawo gahawa a jabana, ta tsaya kallo.
Sittin. Saba'in da tara.
A tamanin da uku wuta ta tafi
ba sallama, yadda ta saba.

Muka zauna a duhu muna kurɓa.
Daga bakin kogi masunta na kiran juna,
kan magana Hausa, wutsiyarta Larabci.
Kawu ya ce man janareta ya fi zuma tsada.
Ya faɗa sau uku,
sannan ya tashi ya ja igiya.

A karo na biyu ya cika ɗari.
Sai ga ƙa da ɗa da ɓa
sun fito akwatuna, fanko.
Ƙafa ba kai, ɗaki ba ƙofa,
ɓauna ta koma auna.
Muzzammilu ya dafe goshi:
"Haruffan! Suna ƙaramar folda, na manta."
Muka kwafe su, lanƙwasa ta dawo,
kowane harafi da ƙugiyarsa
kamar zai tafi su.

Iya Tamakka ta shigo neman Ihlas.
A hanya aka haife ta, kafin Janaina,
aka sa mata sunan garin da aka nufa,
har yau ba ta gan shi ba.
Ta dogara sanda, ta leƙa allon.
"Wannan ne malamin? To, tambaye shi faifai."
Ya sani.
"Tambaye shi tukuɗi."
Ya sani.
"Ruɗa-kuyangi fa?"
Na rubuta ina shakka, na ɗauka zolaya ce.
Ya ce jan hasken yamma ne, gab da faɗuwar rana.
Shekara ashirin da shida ina ganinsa a kan kogi
ban san yana da suna ba.

Ta gyara tsayuwa. "Godogodo."
Babu.
"Agashe."
Ya kai ni gasa, ya bar ni can.
Ta yi dariya har sanda ta zame:
"Baƙo ne. Ya san gidan kakanni,
amma bai taɓa kwana a namu ba."

A ƙasan allon, can gefe,
wani ɗan maɓalli ya ce: ƙara kalma.
Kawu ya jawo mata kujera.
Tana faɗa, ina bugawa da yatsa biyu,
tana gyara ni, tana zagin kunnena,
har aka kira isha,
har janareta ya yi tari ya mutu.

Kawu ya ce, "To, wa zai biya mai?"
Ta kwance bakin mayafi,
ta ajiye kuɗi a kan madannai, duk sun yamutse.
"Na gobe ne. Ku zo da wuri.
Yanzu ma na tuna guda bakwai,
kuma ban yarda da kaina ba
in kai su safiya."