Rigar Bukari

Ruwan Agusta na dukan kwanon shagona
a Kasuwar Barci, layin teloli,
sai rediyon Tanimu mai guga ya yi tari,
ya ce babban birnin ƙasarsu Bukari ya faɗi.

Ya faɗi, kamar tulu a bakin rijiya.
'Yan tawaye sun shiga ta gadar arewa kafin assalatu,
a motocin a-kori-kura, bindiga ɗaure a baya.
Wai shugaban ya bar shayinsa da zafi a kan tebur.
Mai karanta labaran jiya ya yi ɓatan dabo,
wani yaro da muryarsa ba ta gama buɗewa ba
yana karanta sabuwar doka, yana tuntuɓe.

Na ɗauke ƙafa daga kan keke.

Bukari, ga rigarka nan a rataye,
shadda ruwan toka, yadi biyar,
aikin wuya da zare ruwan ƙasa, yadda ka ce.
Ka ba ni rabin kuɗi wata Laraba,
ka ce sati biyu kacal, za ka ɗauko gyatumarka
daga unguwar da ke bayan barikin soja.
Bayan bariki, Bukari!
Hatsin da ke cikin turmi
ba a shawara da shi kan lokacin taɓarya.

Tanimu ya ce, "Sun ce ceto suka zo,
kowa ya zauna a gida."
Muka dubi juna.
Mu a Kaduna wa zai koya mana wannan zaman?
Mun san ranar da gada ke zama iyaka,
mun san yadda gari ke riƙe numfashi,
har kukan akuya sai ya firgita dattijo.

Na buɗe littafin awo.
Kafaɗa goma sha takwas, hannu ashirin da huɗu,
wuya goma sha biyar da rabi.
Ashe duk sanin da na yi maka lamba ce,
ita ma ta wayarka tun safe ba ta shiga.

Da la'asar wani alhaji ya taya rigar,
ya ce kamar don shi aka yanka.
Na ce da mai ita.

Ruwa ya ɗauke. Gawayin Tanimu ya mutu.
Na kaɗe ƙurar kafaɗar, na mayar cikin leda.
Maɓalli guda na bari ban ɗinka ba,
yana cikin gwangwanin allurai.
Sai ka zo ka gwada.