Tari a Minti na Uku

Hawa na huɗu, a wani lungu na Nipponbashi,
inda Osaka ke sayar da wayoyi a nannaɗe kamar taliya,
Kuramochi ya jera mini hedifon uku a kan shimfiɗar fata,
ya goge kowanne da auduga mai warin asibiti,
ya miƙo da hannu biyu, kamar jariri.

Na farko, in ji shi, yen dubu ɗari huɗu.
Ba ya ƙari, ba ya ragi.
Shiori, yarinyar kanti mai 'yan kunne shida a kunne guda,
ta nuna mini zanen awonsa a allo:
layi miƙaƙƙe kamar dogon Nankai bayan an wuce Sakai.
Na san dogon nan.
Shekara talatin da ɗaya ina jan jirgi a kansa,
shi ya cinye mini rabin kunnen hagu,
ƙarfe kan ƙarfe, safe da yamma.

Ban zo da waƙa ba.
Na zo da tsohon kaset da ɗana ya juye mini a waya:
ruwan sama a kan kwanon gidanmu na Wakayama,
daminar da Fumie ta ce in ɗauka mu tafi da ita
don a birni ruwa ba shi da murya.
Minti goma sha ɗaya ne. A na uku tana tari,
sau ɗaya,
sai ta ce "yi haƙuri" ga rikodar, ba gare ni ba.

Na sa na farko.
Ya tsince mini ruwan ɗigo-ɗigo:
ga wanda ya faɗa kan kwano, ga wanda ya faɗa bokiti,
ga hucin kaset ɗin kansa, ga tsufansa.
Da tarin ya zo, a ɗakin likita ya same ni.
Na ji ƙirji, na ji kaushi,
na ji abin da ba mu sani ba tukuna a shekarar.
Na cire.

Na biyu mai ƙaton ciki ne.
Tsawar da ke can bayan dutse
ya jawo ta ya zaunar a cinyata.
Shi Shiori take so; ta ce da haƙarƙari ake jin sa.
Ruwan ya koma ganga.
Fumie ta nutse, ko kumfa ban gani ba.

Na uku mai kofunan katako,
ya daɗe a kanti har an karya kuɗinsa sau biyu.
Kuramochi ya ɗan sunkuyar da kai:
samansa a dushe yake, ya ce, kamar an lulluɓe shi da bargo,
masu awo ba sa yabonsa.

Na sa.
Ruwan bai rarrabu ba, ya zo a dunƙule,
kamar yadda yake zuwa ga mai kwance yana jiran shayi.
Minti ɗaya. Biyu.
Sai tarin, daga kicin,
bayan ƙofar takarda, taku huɗu ta hagu,
hagun da na riga na yi wa zaman makoki.
Na waiga.
Kwalaye ne kawai, da fanka a kashe.

"Ka dai san yana ɓoye maka abubuwa,"
in ji Kuramochi.
Na ce na sani.

Shiori ta roƙa ta ji. Ta rufe ido, ta jure har ƙarshe,
ta ce, "Ruwa ne kawai, kuma a toshe."
Gaskiyarta.
Kunnenta shekara ashirin da biyu,
bai binne kowa ba tukuna.
Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na biya kashi na farko cikin shida,
na rungumo kwalin na sauko, gwiwa tana ƙara.
A titin Sakaisuji ana yayyafi
a kan lema dubu, a kan gilashi da kwalta,
ko uffan bai ce ba.