Shuɗin Layi a Littafin Ladingo

Ladingo ta dawo da aikin gida:
a zana kogin garinku, daga mafari har inda ya tsaya.
Ta yi rub da ciki a kan tabarmata,
ta ja layi shuɗi kamar zaren da ya kwana a baba,
ta ce, Kaka, duba Jakara.

Na ce, 'yar nan, wa ya ce miki shuɗiya ce?
Shekara arba'in ƙafata na cikinta.
Wata rana ta zo da ja-ja,
ran da majema suka zubar da ruwan jima ta zo baƙa wuluk,
bayan Babbar Salla kuwa da maiƙo take isowa,
kwana uku tana warin tumbi.
Ba a rediyo nake jin labarin birni ba.
In leda ta yi yawa, an ci kasuwa.
In takalmi wari ɗaya ya zo yana juyi,
an tafka ruwa a Fagge, wani gida bai runtsa ba.

Rubuta: a cikin ganuwa take tashi,
ba daga dutse ba, daga bayan ɗakunan mutane.
Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, ruwan wankan jego,
kwata ta faɗa kwata.
Ta goga kafaɗa da Kurmi,
ta sulale ta bar badala,
ta ratsa ta mayanka ta kurɓi jini,
ta tari Getsi, mai yi wa injinan Bompai wanki,
sannan ta miƙe gabas maso arewa
tana rage murya, tana rage sauri,
har ta zo Wasai ta zauna
kamar matar da mota ta tashi ta bari.

Bara na kai latas 'Yankaba, kaya suka ƙare da hantsi,
na ce yau sai na gaishe ta a gidan ubanta.
Na tambayi mai shayi, ya nuna min titi.
Na tambayi mai faci, ya buga ƙafa a kwalta:
Baba, ai kana kanta.
Na durƙusa bakin wata huda a siminti,
na kara kunne.
Tana nan,
tana gurnani a duhu kamar saniyar da aka kulle a ɗaki.
'Yan adaidaita na ta danna min oda.
Sunanta na bakin kowa a unguwar,
fuskarta ce aka rufe.

Ubana Nomau da jigo ya ba albasa ruwa,
in ya gaji ya duƙa ya sha da tafin hannu.
Ni inji nake tayarwa,
kuma da gorata nake tahowa daga gida.
Dubi fason nan. Wannan ba na sanyi ba ne.

Amma ban zage ta ba, kada ki rubuta na zage ta.
Abin da aka ɗora mata shi ta ɗauko.
Birni ya zubar da dare, mu tare da safe,
mu bi da shi kwami-kwami
har ya zama karas, ya zama kabeji,
mu mayar masa a kwando kafin kiran assalatu.
Ya yayyanka a kan shinkafa,
ya ce ƙauye akwai albarka.

Ladingo ta tauna gindin fensir.
To wane launi zan sa?
Malama Tasalla ta ce ruwa shuɗi ne.
Na ce bar shuɗinki, kada a rage miki maki,
wataƙila ke za ki gan ta haka.
Sai dai gefe da gefe ki sa kore,
nan ne muke.

Koren fensirinta ya ɓata tun wancan zango.
Ta fita, ta tsinko ganyen alayyafo,
ta murza shi a takarda da babban yatsa
har takardar ta kusa hujewa.

Na ɗauki igiyar inji.
Rana ta yi sanyi, kwami ashirin na jirana.