Ƙaho Ɗaya da Rabi

Ran Laraba nake karɓar aikin hannu.
In shimfiɗa buhu a gindin darbejiya,
jan biro a kunne, rajista a cinya,
'yan aji uku su ja layi har bakin rijiya.

Tsintsiya. Tsintsiya. Wata tsintsiyar kuma.
Na san ɗaurin, na Iya Tabawa ne ta bakin kasuwa.
Uwa ta saya, ɗa ya kawo, ni in sa maki,
mu ukun duk mun sani, ba mai tankawa.

Sai ga Huwaila da faifai,
ta rina kabar da shuni, ta rina da karan dafi,
tsakiya ta zauna daram, gefe ya tafi yawo.
Na ce, wa ya taya ki?
Ta miƙo ɗan yatsa:
allura ta riga ni sa hannu.

Tasi'u ya turo motar kara,
ƙaya ce ƙusa, tsohon silifa ne taya,
fasinjan totuwa makil, har da yaron mota a rataye.
Ya ce ba ta tashi sai an biya.
Na ba shi tsakuwa biyu, ya ba ni canjin ɗaya.

Hambali ne ƙarshe. Kullum shi ne ƙarshe.
Ya kwance bakin riga a hankali
kamar wanda aka aika da ƙwai.

Bijimi ne na laka,
jar lakar nan ta bakin kududdufi,
an cuɗe ta da ƙaiƙayi don kar ta tsage,
an shanya ta a inuwa, ba a rana ba.
Tozo ya kwanta hagu,
ido ƙwayar dawa, wutsiya zaren buhu.
Ƙaho ɗaya a tsaye. Ɗayan rabi.

Na ce, kash, ya karye a hanya,
na rubuta shida cikin goma.
Bai dube ni ba, birona ya duba.
Ya ce, Malam, bai karye ba.
Haka Jatau yake.

Wa bai san Jatau ba a garin nan?
Rabin gonakin gabas shi ya huɗe su.
Bulon ajin da nake koyarwa ciki
a amalanke ya jawo shi, sawu goma sha.
Bara damina ta yi mana rowa,
rumbu ya yi sauti tun kafin bazara,
wata Alhamis uban yaron ya ja shi Maigatari
ya dawo da buhu biyu
da igiya a kafaɗa.

Na juya bijimin a tafin hannu.
A wuya ga zane da tsinke, siriri,
daidai inda karkiya ta ci.
Ni da na wuce shi sau dubu ban taɓa lura ba.

Shida ba ta gyaruwa ta koma goma.
Na soke ta, rajista ta yi muni,
ta yi ta yi.

Ƙa'ida, aikin hannu a ofis yake kwana,
a kan taga, har gara ta yi masa jarrabawa.
Ya tsaya yana murza bakin riga.
Na ce, ɗauki abinka.

Da la'asar na bi ta ƙofarsu a keke.
Dangar ta rusuna, ana hango ciki.
Turken na nan, ba a cire ba,
ga ɗan bijimi a gindinsa
da harawa cikin murfin kwalba.

Uban na zaune yana gyaran ƙotar fartanya.
Bai ɗaga kai ba na ji ya ce,
Hambali, matsar da shi bayan rumbu,
akuyar nan ba ta da hankali.